Hasumiyar da Abbanki Bai Kai Ba

Nasiriya, Riyad

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya lau, kina zaune a kujerarki cikin jirgi, kin riga kin yi addu'ar tafiya. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya sauke ki Italiya lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki a makaranta da masauki, ya raba ki da mugun ji da mugun gani.

Na cusa ta ne a aljihun jakar hannunki, kusa da fasfo, don na san nan kaɗai za ki duba. Kada ki yi mamakin ganin na rubuta maimakon in faɗa miki baki da baki. Kin san halina, in na fara magana faɗa take komawa, kuma a filin jirgin Sarki Khalid ba abin da zan iya sai gyara miki mayafi da tambayar ko kin ɗauki caja. Ga shi ke 'yar fari ce, sunan surukata gare ki, ko sunanki na yanka ban taɓa kira ba, balle in zaunar da ke in buɗe miki cikina. Takarda ba ta jin kunya, shi ya sa na aiko ta.

Ba wa'azin karatu zan yi miki ba, kin fi ni sanin abin da ya fitar da ke. Magana ɗaya ce ta tsaya mini a rai. Ranar da muke cin kabsa kika ce 'yan ajinku sun shirya zuwa San Marino a hutun farko, wai 'yar ƙasa ce a kan dutse, ba nisa da garin da za ki zauna. Kin faɗa kina danna waya, ba ki ɗago ba. Da kin ɗago, da kin ga Abbanki ya ajiye cokali, kuma bai sake ɗauka ba har aka kwashe kwanuka.

Mun taɓa zuwa, ni da shi, kina ƙarama, muka bar ki wajen maƙwabta. Akwai hasumiya uku a jere a kan dutsen nan. Abbanki ya ga biyu. Yana kan hanyar ta ukun na kira shi ya dawo, ya kuwa dawo, kuma kin san yanzu da idonsa ya tafi, ko an kai shi gabanta an tsayar ba zai gan ta ba. Abin da nake roƙonki shi ne ki kai inda bai kai ba, ki faɗa masa abin da ke wurin. Amma bari in biyo miki tun daga tushe, don shirmen da na tafka a ranar da yawa, ba na so ki gaji ko ɗaya.

Na fara ne da raini. Wurin aikinsa suka tura shi wani taro kan injinan ruwa a Rimini, wani gari a bakin teku, ya nace sai na ɗauki hutu a asibiti na raka shi. Ranar ƙarshe da ba shi da taro ya tashe ni da sassafe, wai in shirya za mu wata ƙasa. Na ce da wace bizar, a wane jirgin? Ya ce bas za mu shiga, kuma ba wanda zai tare mu a iyaka. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce ƙasar da ba ta da filin jirgi, ba a tambayar iƙama, wato takardar izinin zama, a ƙofarta, ai wannan unguwa ce ta samu tuta. Yana ta yi mini bayani a bas, wai mutanen nan sun daɗe suna mulkin kansu ba sarki, shugabanni biyu suke naɗawa lokaci ɗaya, bayan wata shida su sauka a naɗa wasu. Na ce to madalla, ba mai yin tumbi a kujerar. Daga nan na jingina da taga na yi barcina, har bas ya gama murɗe-murɗen hawan dutsen ban ga komai ba.

Ummi, kada ki shiga garin mutane da raini. Ko ba sa jin yarenki, suna jin raini a murya. Mu da muke zaman ƙasar wasu ai mun san ɗacinsa. Kin sha gani a tambaye mu daga ina, mu ce Najeriya, mutum ya taɓe baki kafin ya san ko su wa muke. Abin da ba ki so a yi wa ƙasarki kada ki yi wa tasu, komai ƙanƙantarta. Kuma ki zauna kusa da taga, ido biyu.

Sai maganar shiga. Na yi ado kamar mai zuwa walima: doguwar abaya mai jan ƙasa, da wani takalmi mai santsin tafi da na sayo a kasuwar Dira. Ni 'yar Haɗeja ce, ƙasarmu shimfiɗe take, tudun da na sani bai wuce na bakin kogi ba. Abbanki kuwa Bazazzagi ne, ya girma yana hawan dutsen Kufena, tun a masauki ya kalli ƙafata ya ce, 'yar fadama, da wannan za ki hau dutse? Na ce ya kula da tasa ƙafar. To, garin nan ba shi da hanya miƙaƙƙiya ko ɗaya. Ko dai kina hawa ko kina gangara, kuma duk daɓen dutse ne da ƙafafun mutane suka goge ya yi sumul. Ga iska mai shiga ƙashi, ga gajimare yana saukowa ya zauna a kan titi ya jiƙa komai, in ya ga dama ya tashi. A gaban fadar gwamnatinsu, inda dogarawansu suke tsaye da koren kwat da jan wando, na taka gefen abayata, sai ga uwarki zaune daɓas a ƙasa. Abbanki ya ɗaga ni, ya tabbatar ban karye ba, ya cire kwat ɗinsa ya yafa mini, sannan ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Har yau in yana so ya tsokane ni sai ya ce ni kaɗai ce baƙuwar da ta kai gaisuwa fadar nan har ƙasa.

Don haka ki sa takalmin nan naki na motsa jiki, wanda nake cewa ya yi kama da na 'yan ƙwallo. Na janye maganata. Ki sa abayar da ba ta wuce idon sawu ba, da wando mai kauri a ciki, ki riƙe rigar sanyi ko da kin ga rana ta fito. Mayafinki kuwa yana nan inda yake, ni ba wanda ya ce mini uffan a kansa. Ki hau a hankali, sannu ba ta hana zuwa.

Abin da zan faɗa miki yanzu shi ne wanda nake jin kunyarsa, kuma shi ne wanda nake yawan gode wa Allah a kansa. Da rana ta yi, yunwa ta kama mu, muka shiga wani ɗan shago a lungu inda wata tsohuwa take gasa gurasa a kan tanda, faffaɗa, siririya, ana naɗe ganye da cuku a ciki. Piyadina suke ce mata. Ƙamshi ya cika wurin. Na nuna wadda ba nama, na ce a ba ni, don a ganina in ba nama ai shi ke nan. Kin san zaman Riyad yana sangarta mutum. Shekara da shekaru kana shiga kowane shago ka ci abin da ka ga dama ba tambaya, har ka manta cewa akwai inda ake tambaya. Wata mai taya ta aiki ta kawo mini a faranti. Na yi bisimilla, na kai hannu, sai tsohuwar nan ta fito daga bayan tanda da sauri ta fizge farantin daga gabana.

Ummi, jinina ya hau. Nan take na yanke cewa don ta ga baƙar fata da mayafi ne. Na miƙe, na zazzage mata Hausa, na ƙara da Larabcin asibiti, na ce Allah wadan wannan hali, na ce wa Abbanki ya tashi mu bar mata shagonta. Mutane suka juyo suna kallo. Shi kuwa yana zaune, ya ce in dakata tukuna in ga abin da take nunawa. Tsohuwar ba ta yi fushi ba. Ta kama hannun rigata ta ja ni har bayan tanda, ta buɗe wani kwano cike da farin kitse, ta nuna ƙullun gurasar, sannan ta danna hancinta sama da yatsa ta yi gurnani. Ashe da man alade ake kwaɓa ƙullun. Ta nuna mayafina, ta girgiza kai. Wato ta san abin da ni da nake Musulma ban tsaya na tambaya ba.

Na rasa inda zan sa fuskata. Ta zaunar da ni, ta wanke hannu a gabana, ta ɗauko wani kasko daban ta wanke shi tas, ta kwaɓa sabon ƙulli da man zaitun, tana ɗaga kwalbar tana nuna mini. Ban taɓa cin gurasa mai daɗin wannan ba, kuma da hawaye na ci ta.

Ba a nan alherinta ya tsaya ba. Muna cikin ci Abbanki ya duba agogo ya ce ai azahar ta daɗe da yi. Ni kuwa kunnena jiran kiran salla yake. Na saba in ji ladan ta ko'ina, in ga masu shago suna jawo ƙofa, a lokacin kuwa haka Riyad take. A can sai ƙarar ƙararrawa, ita kuma ba ni take kira ba. Na tsaya ina waige-waige, na ɗaga hannuwa kusa da kunne don tsohuwar ta gane. Ta gane. Ta buɗe mini ɗakin da take ajiye buhunan fulawa, ta kawo ruwa a jug, ta shimfiɗa mini sabon mayafin tebur fari ƙal, ta ja ƙofa ta tsaya a waje. A nan na haɗa azahar da la'asar, Abbanki ya yi bayana. Ko sunanta ban tambaya ba, amma ba na jin akwai azumin da ya wuce tun daga lokacin ban roƙa mata shiriya da alheri ba.

Darasin nan kashi biyu ne, ki riƙe duka. Ki tambaya kafin ki ci, ko da burodi ne, ko da abin ya yi kama da namu, matambayi ba ya ɓata. Ki sa lokutan salla a wayarki, ki riƙe 'yar darduma mai naɗewa a jaka, don a can ba wanda zai tuna miki sai kanki. Sannan in wani ya yi miki abin da ba ki gane ba, ki haɗiye maganar farko da ta zo bakinki. Za ki haɗu da masu ƙinki don fatarki, ban ce babu ba. Amma kada tsoronsu ya sa ki zagi wanda ya zo ceton ki. Zuciyar nan tawa kika ɗauko, na sani, don na ga yadda kike yi da direbobin tasi.

Yanzu ga babbar.

Kin san mu da tsaraba. Bahaushe bai yarda ya yi tafiya ya dawo hannu na dukan cinya ba, kuma ni tun kafin mu bar Riyad na riga na ɗora wa kaina dangi kaf. Gwaggonki Lami ta ce jaka take so ta fatar Italiya. 'Yan'uwana na Haɗeja, abokan aikina a ɗakin haihuwa, maƙwabtan da suka riƙe ki, kowa na sa shi a rai. Garin nan kuwa kamar don irina aka gina shi. Tun daga ƙofar gari har sama shaguna ne a jere, turare, jakunkuna, agoguna, gyale, 'yan maƙallan mabuɗi masu hoton hasumiya. Idona ya rufe. Na shiga wannan na fita na shiga wancan, ina ta ciniki irin na Dira, ina juya baya in yi kamar zan tafi don a kira ni a rage. Ba wanda ya kira ni, sai dai in dawo da ƙafata in biya.

Abbanki ya bi ni shago biyu ko uku, sannan ya ce mu hau mu ga hasumiyoyin tukuna, kaya ba sa gudu. Na ce ya je, ni me zan gani a tsohon gini, duwatsu ne aka ɗora kan duwatsu. Ya tsaya ya dube ni. Ya ce, Maman Ummi, zo mu gani tare, ba kullum ake samun irin wannan ba. Na ce ya yi gaba ina nan tafe. Ban tafi ba.

Abin da ya sa maganar take ci mini rai shi ne, a lokacin an riga an gaya mana yana da hawan jinin ido. Maganin ɗigawarsa yana cikin jakata a ranar. Likita ya ce ganinsa zai riƙa tsukewa daga gefe, a hankali. Ni da nake aikin asibiti na ce ai magani zai riƙe shi, akwai lokaci. Shi ya fi ni sanin abin da yake gani da abin da ya daina gani, shi ya sa ya nace mu yi tafiyar, shi ya sa yake tsayawa gaban kowane abu ya daɗe har in ƙosa. Ni kuwa ina can ina shinshina turare.

Ya hau ta farko, ya bi wata siririyar hanya ta kan doron dutsen ya kai ta biyu. Ta ukun tana can gaba, ita kaɗai a cikin itatuwa, kuma gajimare ya rufe wajen, bai hango ta daga sama ba, sai ya kama hanya da ƙafa. A daidai lokacin ni kuma ledoji sun yi mini yawa, igiyoyinsu sun yanka mini yatsu, ƙafata tana zogi saboda faɗuwar ɗazu. Na hango bas a tasha. Na kira shi.

“Malam, kana ina? Ka zo ka kama mini kaya, ga bas zai tashi.”

“Saura kaɗan in kai ta ukun,” ya ce, yana haki. “Akwai wani bas ɗin bayan wannan.”

“Ni dai na gaji. In dutse ya fi maka ni, to zauna.”

Na kashe waya. Na san akwai wani bas ɗin, da idona na gani a allon tashar. Ba a jima ba sai ga shi yana gangarowa, gumi a goshinsa duk da sanyin nan, ba kwat, don kwat ɗin yana kafaɗata. Ya karɓi ledojin duka, ya rataya wasu a wuya, muka shiga bas. Sai da muka fara gangara ya leƙa taga ya ce, “Ba komai, ma dawo.”

Ba mu koma ba. Aka haifi ƙannenki, aiki ya yi yawa, hutu duk gida muke tafiya. Ganin ya yi ta tsukewa har ya ajiye tuƙi, ya ajiye aiki, iƙamarsa ta dawo ƙarƙashin tawa, sauran kuma a gabanki aka yi. Tsarabar kuwa in ba ki labari: turaren ya ƙare kafin babbar salla, maƙallan mabuɗin yara suka ɓatar, Gwaggonki Lami ta juya jakar ta ce da baƙa na samo da ta fi. Ba wanda ya tuna da kayan nan yau sai ni.

Amma ki ji ikon Allah, mutumin nan bai taɓa goranta mini ba, ko da wasa, shi da yake tsokanata da faɗuwa a gaban fada. In maganar ta taso sai ya ce alhamdulillahi, Allah ya nuna masa biyu cikin uku, wani ko ɗaya bai samu ba. Wani lokaci bayan la'asar, in na dawo daga aiki na kawo masa shayi, sai ya hau ba ni labarin. Yadda ya hau wani tsani mai tsayi a ta farko ya fito ta wata 'yar ƙofa a rufi. Yadda gajimare ya yaye ya ga gonaki kore shar a ƙasa, da jajayen rufin gidaje, da teku can nesa ya kwanta. Yadda ya ga tsuntsaye suna shawagi a ƙarƙashinsa, shi yana samansu. Tsofaffin takubba da bakuna da ya gani a ta biyu. Yana faɗa yana nunawa da hannu. Daga nan sai ya ce, sai hanya ta shiga cikin itatuwa. A nan labarin yake tsayawa kullum, ya laluba kofinsa ya kurɓa.

Na gode wa Allah da ya ba ni miji irin wannan. Na gode masa da ya sa Abbanki ya ƙi jin maganata ya hau biyun, don da ya biye mini da yanzu ba shi da abin da zai riƙa kallo a zaune. Akwai wani ofis a garin da suke manna wa baƙi 'yar takarda a fasfo su buga hatimi, don tunawa kawai. Ya kai namu aka buga, ina ta mita wai ɓata shafi ne. Tsohon fasfon yana cikin durowarsa, nakan gan shi yana shafa gefen takardar da yatsa. Ke ma ki kai naki a buga.

To, me ya sa nake tsoron ki maimaita? Don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ga kin bar rabin akwatinki ba kaya. Na ji saƙonnin da suke shigo miki tun da aka ji za ki Turai, wannan takalmi, wancan turare, ke kuma kina ta amsa to, in sha Allah. Ba ki iya cewa a'a ba, kamar ni. Tsaraba ba laifi ba ce, zumunci ce, ban ce ki zama marowaciya ba. Amma ki fara gani tukuna, ki saya daga baya, abin da hannu ɗaya zai ɗauka. Wanda zai yi fushi don ba ki kawo masa jaka ba, ko kin kawo zai ce da baƙa ce da ta fi. In kuma kina tare da wani ya ce miki zo mu gani tare, ko ƙawa ce, ko mijin da Allah zai ba ki nan gaba, ki ajiye abin da ke hannunki ki bi shi.

Akwai kuma abin da na lura da shi tsakaninki da Abbanki, ki yi haƙuri in faɗa. Tun da idonsa ya tafi kika rage zama wurinsa. Na san ba ƙi ba ne, tausayi ne yake kama ki ki rasa abin cewa. Kina gaishe shi daga bakin ƙofa, kalma biyu da Larabci, ki wuce. In kin fita kuwa hotuna kike turowa, ni ce mai fassara masa, kuma ni ban iya ba. Sai in ce masa ga Ummi a gaban wani gini. Ya ce wane irin gini? In ce gini dai. Kina ganin kunyar Hausarki kike ji, don yana yi miki dariya yana cewa Hausar 'yan Riyad. Ummi, dariyar nan ita ce abin da ya fi so a duniya. In kin fita yakan maimaita kalmomin da kika karya, yana murmushi shi kaɗai.

Saboda haka ga abin da nake so. Ranar da za ku je, ki bar ƙawayenki su shiga shaguna in sun ga dama. Ki samu ɗaya mai hankali ta raka ki, kada ki shiga itatuwan nan ke kaɗai, kuma ki tafi da sauran rana. Ki hau ta farko, ki wuce ta biyu, ki kama hanyar. An ce ta ukun ƙarama ce, an ce ma ba a shiga cikinta. Wataƙila ki kai ki ce, wannan ce? To ki faɗa masa haka ɗin. In kin kai, kada ki turo hoto. Ki kira wayarsa, ba tawa ba, ki fara daga inda hanya ta shiga cikin itatuwa. Ki gaya masa irin itatuwan, ko ƙasar jiƙe take, ko hanyar hawa ce ko gangara, launin dutsen, inda ƙofar take, abin da ake hangowa daga gindinta. Zai yi miki tambayoyin injiniya, yadda aka jera duwatsun da inda ruwan sama yake bi. In kin rasa kalmar Hausa ki kwatanta, in ta ƙi ki cika da Larabci, ya yi dariyarsa. Kada ki yi sauri, ko da bas ya tsaya yana jira, akwai wani bayansa. Ni ma zan zauna kusa in saurara, don ko ta farkon ban gani ba.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wannan karon ke za ki hau ki hango mana, kuma na gode wa Allah da ya raya ki har kika kai haka.

Bai san na rubuta miki wannan ba. Da na ɗan taɓo masa maganar, cewa ya yi kada in matsa miki, yarinya karatu ta je ba yawon dutse ba, shi ya riga ya ga rabonsa. Na ce to. Amma jiya bayan kin gama haɗa kaya ya miƙo mini wayarsa, ya ce in ƙara masa ƙararta har ƙarshe, wai kwanan nan ba ya jin kira. Abbanki fa, Ummi, da yake jin tsayuwar lifta daga ɗaki ya gane ko ni ce ko ba ni ba. Na ƙara masa, ya sa ta a aljihun gaban rigarsa.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare miki addininki da mutuncinki da lafiyarki. Allah ya buɗa miki karatu, ya sa ki a hannun masu alheri irin tsohuwar nan mai gurasa, ya ƙarfafa ƙafarki a kan kowane tudu. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini faɗana. Na bar ki a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata, Shi ya dawo mana da ke cikin aminci.

Wassalam.

Mamanki